Zoben Makoki: Abin da Gashi, Zinare da Baƙin Dutse Suka Adana Game da Mamatan Turai

A gidan adana kayan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan akwai wani zoben zinare mai faɗi, an yi masa ado da baƙi da fari. Idan ka hango shi daga nesa ba abin da zai ja hankalinka, zobe ne kamar kowane zobe. Sai ka matso ka karanta rubutun da aka zana a jikinsa. Haruffan farko ne na sunayen yara bakwai, duk sunan gidansu ya fara da harafi ɗaya, kuma kowanne an sa shekarunsa: 16, 12, 10, 9, 7, 5 da 2. A ƙarshe aka rubuta cewa sun rasu daga ranar 16 zuwa 23 ga Fabrairu, 1801. Yara bakwai cikin kwana takwas. Allah Sarki! 

Irin wannan zobe shi ake kira zoben makoki. Ɗaya ne daga cikin kayan adon da Turawa, musamman na Birtaniya da Amurka, suka shafe sama da shekara 300 suna ƙerawa domin tunawa da waɗanda suka rasu. Akwai zobba, akwai sarƙoƙin wuya, akwai 'yan kunne, awarwaro, da abin maƙalawa a ƙirjin riga. Da yawa daga cikinsu kuma, ka ji abin mamaki, da gashin mamacin a ciki.

Na san abin da zai fara zuwa maka a rai. Mu da a gidaje da dama ko gashin da aka taje ba a yarda a bar shi a fili, tattarawa ake yi a binne, yaya za a yi mutum ya rataya gashin gawa a wuyansa? To, ka ɗan yi haƙuri mu bi abin a hankali. Idan ka duba kayan da ake haɗa wannan ado da su, wato zinare, gashi, da wani baƙin dutse da ake kira jet, za ka ga abu ɗaya ya haɗa su: dukkansu ba sa saurin lalacewa. Mutanen da mutuwa ke yi wa ɗauki ɗai-ɗai sun nemi abin da ƙasa ba ta ci. Kimiyya tana da bayanin dalilin da ya sa waɗannan abubuwa suke daɗewa, kuma a yau ta koma tana karanta su kamar yadda likita ke karanta sakamakon gwaji.

Daga "ka tuna za ka mutu" zuwa "ka tuna da ni"

A ƙarni na 16 da na 17, Turawa suna sa zobba masu hoton ƙoƙon kan mutum, ƙasusuwa, akwatin gawa, ko agogon yashi. Da Latin ana kiran irin wannan ado memento mori, ma'ana "ka tuna za ka mutu". Wa'azi ne mutum yake yi wa kansa, babu wani mamaci takamaimai da ake nufi. Zamani ne na yaƙe-yaƙe da annoba. Annobar da ta afka wa Landan a 1665 kaɗai ta kashe dubun-dubatar mutane.

A hankali sai saƙon ya juya. Masu hali suka fara rubutawa a wasiyyarsu cewa a fitar da kuɗi kaza a yi wa wane da wane zobe. Shahararren marubucin wasan kwaikwayon nan William Shakespeare, wanda ya rasu a 1616, ya bar wa abokan sana'arsa uku sule 26 da kwabo 8 kowanne domin su sayi zobba. Bayan da aka fille kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649, magoya bayansa suka riƙa sa zobba masu ɗan ƙaramin hotonsa, wasu a ɓoye a ƙarƙashin murfi, saboda a lokacin nuna goyon bayan sarkin abu ne mai haɗari. Wannan ya ƙara yaɗa al'adar sa ado domin mutum guda da aka sani da suna.

Kafin ka ce me, rabon zobe ya zama wani ɓangare na jana'izar manya. A jana'izar Samuel Pepys, wani babban jami'in rundunar ruwan Ingila da ya rasu a 1703, an raba zobba sama da 100, kuma tsadar zoben da aka ba ka tana nuna matsayinka a wurin mamacin. George Washington, shugaban Amurka na farko, ya yi wasiyya da a ba wa mata biyar cikin dangi da aminai zoben makoki na dala 100 kowacce. Masanin falsafa Jeremy Bentham, da ya rasu a 1832, shi zobba 26 ya bari, kowanne da zanen inuwar fuskarsa a gaba da gashinsa a baya.

Yadda ake karanta zoben

Waɗannan kaya suna da harshensu, kuma wanda ya iya yana iya karanta su. Baƙi da farin da ake gani a jikin zinaren ba fenti ba ne irin na bango. Garin gilashi ne ake shafawa a kan ƙarfen, a gasa shi a wuta har ya narke ya manne, irin dai abin da ake yi wa langa da kwanukan jeren iyayenmu mata. A bisa al'ada, baƙi na wanda ya rasu da aure ne, fari kuwa na yaro ne ko wanda bai taɓa aure ba. Ƙananan lu'ulu'un teku da ake jerawa a gefe suna wakiltar hawaye.

A ƙarshen ƙarni na 18 ƙoƙon kai ya ja baya, aka koma zanen mace tana jingine da kabari a ƙarƙashin wata bishiya mai rassa a sunkuye. Akan yi zanen a kan ɗan siririn hauren giwa, wani lokaci kuma a yayyanka gashin mamacin ƙanana-ƙanana a cuɗa shi cikin fentin. Wato ganyen bishiyar da kake gani a hoton yana iya kasancewa gashin mutumin ne.

Sannan akwai suna, shekaru da ranar rasuwa. Ga masu binciken tarihi wannan ba ƙaramar taska ba ce, domin kowane zobe tamkar takardar shaidar mutuwa ce da aka rubuta a kan zinare. Da yawa kuma suna ɗauke da tambarin ofishin gwajin zinare, wanda ke nuna garin da aka gwada shi da shekarar: kan damisa na Landan ne, anga ta jirgin ruwa kuma ta Birmingham.

Sarauniyar da ta shekara kusan 40 cikin baƙaƙen kaya

Ranar 14 ga Disamba, 1861, Yarima Albat, mijin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, ya rasu yana da shekara 42. Likitocinsa sun ce zazzaɓin taifod ne. Daga ranar har zuwa rasuwarta a watan Janairu na 1901, Biktoriya ba ta daina sa baƙaƙen kaya ba. Tana rataye da gashinsa a ɗan gida mai murfi, kuma a lokutan makoki jet ne adon da ake sawa a fadarta. Abin da sarauniya ta yi kuwa, shi matan ƙasa ke kwaikwayo.

Amma kada ka ɗauka kwaikwayo ne kawai. A tsakiyar ƙarni na 19, cikin kowane jarirai 100 da aka haifa a Ingila, kimanin 15 ba sa kai shekara ɗaya. Matsakaicin tsawon rai bai wuce shekara 40 da ɗoriya ba, galibi saboda yawan mutuwar yara. Tarin fuka, kwalara, agana, mashaƙo, ƙyanda da mutuwa wajen haihuwa sun zama ruwan dare. Da wuya ka samu gidan da bai binne yaro ba.

Sai aka gina wa makoki dokoki masu tsauri, kuma nauyinsu a kan mata ya fi faɗawa. Matar da mijinta ya rasu takan shekara ɗaya da kwana ɗaya cikin baƙin yadi marar sheƙi, babu ado mai walƙiya. Bayan nan a sassauta mata kaɗan-kaɗan, har ta kai matakin da za ta iya sa ruwan toka ko shunayya mai haske. Duka-duka abin kan ɗauki shekara biyu zuwa biyu da rabi. Namiji kuwa, 'yan watanni ne da baƙin ƙyalle a jikin hula, shi ke nan. Kwatanta da takabar da ka sani ta wata huɗu da kwana goma, inda mace ke ajiye ado gaba ɗaya. Su can, maimakon a ajiye ado, sai aka ƙirƙiri adon da ya dace da kowane mataki, har ya zama kasuwa mai zaman kanta. Tun a 1841 aka buɗe wani katafaren kanti mai suna Jay's a titin Regent da ke Landan, ba ya sayar da komai sai kayan makoki.

Me ya sa gashi?

Amsar tana cikin sinadarin da aka gina gashi da shi. Gashi, farce, ƙaho da kofato duk daga furotin ɗaya suke, ana kiran sa keratin. Ka ɗauke shi kamar dogayen zarurruka da aka murɗa kamar igiya. Abin da ya bambanta shi da furotin na nama shi ne yawan farar wuta da ke cikinsa. Ƙwayoyin farar wuta na wannan zare suna ƙulluwa da na zaren da ke kusa, su zama kamar matakalar tsani da ta riƙe sanduna biyu. Ƙullin yana da ƙarfi ainun. Wannan farar wutar ce kake shaƙa idan ana babbakar kai da ƙafa, kuma waɗannan ƙulle-ƙullen ne man miƙar da gashi yake tsinkawa kafin gashi ya kwanta.

Saboda wannan ƙulli, gashi ba ya narkewa a ruwa, kuma yawancin ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da nama ba sa iya cinsa. Ko cikin dabba bai cika narkar da shi ba, shi ya sa kyanwa ke amayar da curin gashi. Gawawwakin Fir'aunonin Masar da suka haura shekara 3,000 har yanzu wasunsu da gashi a kansu. Maƙiyan gashi kaɗan ne: wasu nau'o'in fumfuna, tsutsar asu mai cin ulu, da danshi. Idan aka rufe shi a bayan gilashi a wuri busasshe, kusan an gama da su duka.

Af, tun da muna kan gashi: maganar da ake yi cewa gashi da farce suna ci gaba da tsiro bayan mutuwa ba gaskiya ba ce. Fata ce ke bushewa ta ja baya, sai abin da ke ɓoye ya fito fili.

Sarrafa gashin kuwa sana'a ce sosai, kuma hanyoyi biyu suka fi shahara. A ta farko, ana shimfiɗa gashin a kan faranti, a shafa masa ƙaro, a lanƙwasa shi da ɗan ƙarfe mai ɗumi ya zama kamar gashin tsuntsu ko fure, sannan a rufe da gilashi. A ta biyu, ana amfani da wani ɗan zagayayyen teburi mai rami a tsakiya. A ƙirga silin gashi a raba shi ƙulli-ƙulli, a ɗaura wa kowane ƙulli ɗan nauyin dalma yana reto a gefen teburin, sai a riƙa tsallakar da su bisa tsari ana saƙawa a jikin wata waya ko sanda. Idan an gama, a tafasa saƙar a ruwa mai ɗan sinadarin boraks, a busar a tanda, sannan a zare sandar. Sai ka ga wata 'yar siririyar raga mai rami a ciki, ta tsaya cak da siffarta.

Me tafasawar take yi? Ban da ƙullin farar wuta, akwai wasu raunanan ƙulle-ƙulle a gashi waɗanda ruwa da zafi ke kwancewa, su sake ɗaurewa a sabuwar siffa idan ya bushe. Duk macen da ta taɓa tsefe kitso ta ga gashin ya riƙe lanƙwasar kitson ta san wannan. Da irin wannan saƙa ake yin awarwaro, 'yan kunne, da sarƙar agogon aljihu ta maza.

Akwai wata fargaba da ta dami masu makoki. Idan ka aika gashin mahaifiyarka wurin mai sana'a, wa ya tabbatar maka shi ne aka saƙa, ba gashin wata baƙuwa ko na jelar doki ba? Wannan na cikin dalilan da suka sa mata suka koyi yi da kansu a gida. Mujallar mata ta Amurka mai suna Godey's Lady's Book ta riƙa buga darussan sana'ar, a 1867 kuma wani mai suna Mark Campbell ya fitar da littafi sukutum na koyon ta. Ka riƙe wannan fargaba a ranka, za mu dawo kanta. Ka kuma sani cewa ba duk adon gashi ne na makoki ba. Da yawa kyautar soyayya ce tsakanin rayayyu. Rubutun da ke jiki ne ke raba gardama.

Jet: itacen da ya shekara miliyan 180 a ƙarƙashin teku

Jet ɗin da muke magana ba jirgin sama ba ne. Wani baƙin abu ne mai sheƙi da ake haƙowa, kuma mafi shahararsa daga gaɓar tekun garin Whitby yake, a arewa maso gabashin Ingila. Ana ce masa dutse, amma asalinsa itace ne, ɗan uwan kwal.

Kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Jurasik, lokacin da dabbobin dainaso ke yawo a doron ƙasa, ambaliya ta riƙa kwaso gungumen itatuwa tana zubawa a teku. Suka jiƙe suka nutse cikin laka a ƙasan ruwa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci ƙwarai. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace kuwa galibinsu sai da oksijin. Don haka maimakon itacen ya ruɓe, sai laka ta yi ta taruwa a kansa tana danne shi, mai irin na ƙarƙashin ƙasa ya ratsa shi, har ya daskare ya zama baƙi ƙirin.

Abubuwa uku suka sa ya dace da masu makoki. Na ɗaya, ba shi da nauyi: kusan rabin nauyin gilashi mai girmansa ne, don haka mace za ta iya rataya manyan duwatsu a wuya ba tare da ta gaji ba. Na biyu, yana da taushin da za a sassaƙa shi da hannu. Na uku, ana iya goge shi ya yi sheƙi kamar madubi, ko a bar shi a dushe domin matakin farko na makoki. Yana da wata ɗabi'a kuma: idan ka goga shi a jikin ulu yana jan ƙananan takardu, kamar yadda muke yi da biro a makaranta.

Mutanen Birtaniya sun san jet tun dubban shekaru, Rumawa ma sun yi ado da shi. Amma bayan an nuna shi a babban baje-kolin Landan na 1851, sannan ga rasuwar Albat, sai kasuwarsa ta buɗe. A shekarun 1870 sama da mutum 1,000 ne ke cin abinci da sana'ar a Whitby, ƙaramin garin masunta.

Jabu ya shigo kasuwa

Duk abin da ya yi tsada kuma kowa ke so, ka san sauran zancen. Talaka ma yana da mamaci, kuma al'umma tana sa masa ido ta ga ko ya yi makoki yadda ya kamata. Sai masana'antu suka kawo madadi.

Akwai baƙin gilashi da ake kira jet na Faransa, wanda ko kusa ba jet ba ne. Akwai baƙin itacen da ake tonowa daga fadamun Ailan. Akwai ƙaho da aka rina. Akwai kuma taurarriyar roba: a shekarun 1840 Charles Goodyear a Amurka da Thomas Hancock a Ingila suka yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta domin ta yi ƙarfi, kuma idan farar wutar ta yi yawa sai robar ta taurare ta yi baƙi. Ka lura da abin sha'awa a nan: ƙullin farar wuta ne ya taurara robar, irin dai wanda ya ƙarfafa gashi. Wannan roba tana cikin kakannin filastik ɗin da ya cika mana gari a yau. A Faransa har wani haɗi aka ƙirƙiro na garin katako da jinin dabba, a matse shi da zafi a cikin ma'aunin zubi.

Yaya masana ke bambance su? Da ilimin kimiyya mai sauƙi. Gilashi yana da sanyi a hannu da nauyi, jet kuwa yana da ɗumi, saboda ba ya saurin janye zafin fatarka. Idan aka goga jet a kan farin tangaram marar sheƙi yana barin layi ruwan ƙasa, gilashi ba ya barin komai. Roba takan koɗe ta koma ruwan ƙasa idan ta daɗe a haske, saboda iska da haske suna cin farar wutar da ke samanta, kuma idan aka murza ta tana warin taya. Sannan jet da hannu ake sassaƙa shi, ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba. Roba kuwa zubi ce, dubu ma sai su fito kamar an tsaga kara.

Ranar da gashin ya shiga ɗakin gwaji

Gashin kai yana tsiro da kimanin santimita ɗaya a wata. Yayin da yake tsirowa, wasu sinadaran da ke yawo a jini suna shiga cikinsa su maƙale, musamman ƙarafa masu guba irin su dalma, zaiba da asenik, waɗanda ke son manne wa farar wuta. Ke nan silin gashi kamar kundin ajiya ne na watannin ƙarshe na rayuwar mutum. Waɗanda suka yanki gashin mamatansu saboda ƙauna ba su san samfurin gwaji suke ajiye wa masanan da za su zo bayan shekara 200 ba.

Ɗauki misalin Napoleon, sarkin Faransa da ya rasu a tsare a tsibirin Saint Helena a 1821. A wasiyyarsa ya ce a adana gashinsa a yi awarwaro da shi, a aika wa matarsa, mahaifiyarsa, 'yan uwansa da ɗansa. A 1961 wani likitan haƙori ɗan Suwidin, Sten Forshufvud, da abokan aikinsa suka wallafa cewa sun samu asenik mai yawa a gashin. Nan fa zance ya bazu cewa guba aka ba shi. Sai a 2008 masana a Italiya suka gwada gashinsa na lokuta daban-daban, har da na ƙuruciyarsa, da na ɗansa, da na matarsa ta farko Josephine. Duka suka nuna asenik mai yawa, kusan ninki 100 na abin da ake samu a gashin mutanen yau. Ashe zamanin ne cike da asenik, a fenti, a magunguna, a kayan adana abubuwa. Likitocin da suka buɗe gawarsa tun farko dama cutar da suka gani a tumbinsa suka ɗora wa alhaki. Darasin a nan shi ne, lamba ita kaɗai ba ta magana sai an samu abin kwatanta ta da shi.

Labarin Ludwig van Beethoven, mawaƙin Jamus da ya kurumce kuma ya rasu a Biyana a 1827, ya fi wannan ban mamaki. Akwai wani curin gashi da aka adana a ɗan gida mai gilashi, wanda aka ce wani matashin mawaƙi, Ferdinand Hiller, ya yanka daga kan gawarsa. An yi gwanjonsa a Landan a 1994, aka gwada shi, aka samu dalma mai yawan gaske. Aka rubuta littafi, aka yi fim, duniya ta ɗauka gubar dalma ce ta kashe shi.

A 2023 wata tawagar masana, da Tristan Begg na Jami'ar Kambirij a kan gaba, ta wallafa sakamakon gwajin ƙwayoyin gado, wato DNA, na curin gashi takwas da ake dangantawa da Beethoven. Aiki ne mai wuya, domin DNA da ke cikin silin gashi a gutsuttsure yake. Biyar daga ciki suka dace da juna: na namiji ɗaya ne, kuma tarihin hannayen da wasu daga cikinsu suka bi ya tabbata. Shi kuwa shahararren curin nan na Hiller, sai ga shi na mace ne! Ka tuna fargabar matan nan masu saƙa gashi a gida? Ga ta nan ta tabbata a kan ɗaya daga cikin shahararrun gashin duniya.

Daga sahihin gashin, masanan sun gano cewa Beethoven ya gaji haɗarin kamuwa da ciwon hanta, kuma yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B a watannin ƙarshen rayuwarsa. Idan aka haɗa da shan giyarsa, an samu bayani mai ƙarfi kan ciwon hantar da ya yi ajalinsa. A 2024 aka sake gwada sahihin gashin, aka kuma samu dalma mai yawa, wadda masanan suka ce za ta iya cutar da shi amma ba ta kai ta kisa ba.

Me ya kashe al'adar?

Abubuwa ne suka taru. Hoto, wanda ya bayyana a 1839, ya yi ta araha har ya zama kowa na iya ajiye fuskar mamacinsa. Ilimin ƙwayoyin cuta ya sa mutane suka fara ƙyamar taɓa abin da ya fito daga jikin gawa. Biktoriya ta rasu, matasa suka gaji da baƙi. Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, ya zo ya kashe miliyoyin samari, da yawa ba a ma ga gawarsu ba balle a yanki gashi, kuma matan da suka shiga masana'antu ba su da halin zaman makokin shekara biyu. Uwa uba, mutuwar yara ta fara raguwa saboda tsabtataccen ruwa, magudanan ƙazanta, ingantaccen abinci da riga-kafi.

Sai dai buƙatar ba ta mutu ba, kama ta sauya. Tun farkon shekarun 2000 akwai kamfanoni a Amurka da Siwizalan da ke karɓar gashi ko tokar mamaci, su ce za su tace sinadarin kabon da ke ciki, su matse shi da matsi mai tsanani da zafin da ya haura digiri 1,300 har ya zama daimon. Fasahar yin daimon a masana'anta gaskiya ce. Amma tsohuwar tambayar tana nan daram: wa ya tabbatar maka kabon ɗin na mamacinka ne?

Masana halayyar ɗan Adam ma sun sauya ra'ayi kan irin wannan riƙo. An daɗe ana ganin lafiyayyen makoki shi ne mutum ya yanke alaƙa da mamaci ya ci gaba da rayuwa. A 1996 Dennis Klass da abokan aikinsa biyu suka fitar da littafin da ya nuna cewa yawancin mutane ba sa yankewa, sauya wa alaƙar siffa suke yi, kuma hakan ba cuta ba ne. Kai ma ka duba kanka. Wataƙila akwai hular mahaifinka ko carbinsa a cikin akwati, ko lambar wayar da ka kasa gogewa, ko saƙon murya a WhatsApp da kake saurara idan kewa ta taso, ko yaron da aka mayar wa suna ake kiran sa Abba ko Ummi.

Mu koma kan zoben da muka fara da shi. Rubutun bai faɗi cutar da ta kwashe yaran bakwai ba, amma cututtukan da ke shiga gida su share yara cikin mako guda a wancan zamani sanannu ne, kuma agana da mashaƙo suna sahun gaba. Shekara biyar kacal kafin rasuwarsu, a 1796, Edward Jenner ya yi gwajin riga-kafin agana na farko, kuma a 1980 aka ayyana cewa an kawar da cutar daga duniya baki ɗaya. Mashaƙo kuwa yana da riga-kafi tun kusan shekara 100 da suka wuce, amma duk da haka ya ɓarke a Kano da wasu jihohin Arewa a 2023, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su samu cikakkiyar allura ba. Iyayen 1801 ba su da abin yi sai zuwa wurin maƙeri. Kai kuwa kana da katin riga-kafin yaranka. Idan ka koma gida yau, ka ɗauko shi ka duba ko ya cika.